Igiya Mai Ƙulli Biyu

Maigandi masaƙi ba ya fara duban mutum daga fuska. In kun haɗu, daga yatsun ƙafa yake ɗauko ka, ya ɗan dakata a gwiwa, sannan ya hau zuwa goshi, leɓɓansa na motsi. Sai ya gama wannan zai amsa maka sallama. Baƙi sukan ɗauka takalminsu yake rainawa. Mu da muka zauna da shi a wajen Ƙofar Marke mun san awo yake yi.

Shi ne uban rumfar masu saƙar darduma, su bakwai a inuwa ɗaya. Rumfata ta hatsi tana kallon tasu shekara ashirin da 'yan kai, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Sauran daga bakin mai shi na ji, shi kuwa ba ya ƙara wa magana gishiri. Ko a miya ma, in ji matarsa Inno, ba ya son ya yi yawa.

Aikinsu a lokacin ba ya gaggawa. Gashin tumaki suke saye a hannun mutanen arewa, mata su kai gulbi su wanke, su tsefe, su kaɗa shi ya zama abawa mai kauri. Launi uku suka sani: shuɗin baba, jan karan dafi, da farin da Allah ya yi wa tunkiya. Masaƙarsu a tsaye take, mai faɗi, ana fara darduma daga wajen ƙafa a yi sama da ita. Amma kafin a ɗaura zare ko ɗaya, sai mai darduma ya zo da kansa. A share masa rairayi, ya fuskanci gabas, ya yi sujada. Maigandi ya tsuguna gefensa da igiyar rama ya yi ƙulli uku: ɗaya a yatsun ƙafa, ɗaya a gwiwa, ɗaya a inda goshi ya sauka. Daidai ƙullin gwiwa za a ninka abawa uku don taushi. Daidai ƙullin goshi za a sa ja, faɗin tafin hannu. Wanda ya taɓa salla a kan irinta ya san abin da nake nufi.

Igiyoyin nan ba ya zubar da su. Suna rataye a jikin itacen rumfa, sun fi ɗari biyu, ba suna ba alama, amma ya san ta kowa. Ranar da aka ce wane ya rasu, in ya dawo daga maƙabarta sai ya sauko da igiyarsa, ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana yi masa addu'a, ya ajiye ta don wani. Wani attajirin goro, gajere, ya taɓa roƙon a ƙara masa taki biyu don tasa ta fi ta maƙwabcinsa. Maigandi ya ce masa ya je ya ƙaro tsawo ya dawo, rairayin na nan.

Dokar rumfa ɗaya ce tun zamanin kakansa. Ba a yanke darduma daga masaƙa sai uban rumfa ya shimfiɗa igiyar mai ita a kanta, ya ga ƙulli uku sun faɗa inda ya kamata, sannan ya zaro wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho ya yanke da hannunsa. Wannan wuƙa ita ce sarautar gaba ɗayanta, ba rawani ba tambari. Duk da haka akwai mai kwana da ita a rai ya tashi da ita. Junaidu ke nan, ɗan ƙanwar Maigandi, wanda ya fi kowa saurin hannu a rumfar, har furfura ta fara fito masa yana jiran kawunsa ya gaji.

Shekara tara ko goma bayan Nasara sun shigo gari, wata Talata da hantsi, sai ga Hayatu masinja. Ɗan unguwarmu ne, ubansa majemi, amma tun da ya sami aiki a bariki ya fara jin warin jima, har yakan toshe hanci in zai wuce ƙofar gidansu. Yana riƙe da wata miƙaƙƙiyar sanda mai jan ƙarfe a kai da gindi, ya ce sunanta yadi. Ya ce Baturensa, wani dogo mai siraran ƙafafu da mutanen gari suka sa wa suna Zalɓe, ya ga darduma a zauren wani malami ta ba shi sha'awa, yana son irinta. Tsawo sanda biyu, faɗi sanda ɗaya.

Maigandi ya dubi sandar daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ya saba.

"Wagga ba ta da gwiwa," in ji shi. "Mai abin shi taho in gwada shi."

Hayatu ya tambaya wane irin gwaji. Aka nuna masa rairayin da aka share. Ya dubi rairayin, ya waiwaya ya ga ko wani na saurare, ya rage murya.

"Baba, so kake in koma in ce ma Bature shi taho kasuwa shi kifa goshi ƙasa? Ɗiyana huɗu, ƙaraminsu ko yaye ba a yi ba."

Maigandi ya ce to ba kome, duk ranar da ya sami sarari ya zo, ba sauri ake ba. Hayatu ya ce kwana ashirin aka ba shi. Ya jingine sandar a jikin rumfa ya tafi.

Ranar ba a yi aiki ba. Sauran masaƙa suka ce abin da Bature ya ce a yi, yi ake, mai gardama ya je ya tambayi ganuwa ko ta hana su shiga gari. Junaidu ya ce mutumin nan ba salla yake ba, ƙarƙashin tebur zai shimfiɗa ta, to gwiwar tebur za a auna? Maigandi ya ce abin da mutum zai yi da dardumarsa tsakaninsa ne da Ubangijinsa, nasu shi ne ta zo daidai da shi, don darduma da ba ta san mai ita ba tabarma ce. Ya ce tun da Bature ba zai zo wurin rairayi ba, shi zai je wurin Bature. Ba ɗan Adam da zai wuni bai sunkuya ba. Da zarar ya sunkuya, ido zai ɗauki awon, igiya ta tabbatar.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana zama a gindin wata tsamiya da ke kallon ofishin Zalɓe, daga hantsi zuwa la'asar, igiya a aljihu. Bature bai sunkuya ba. In alƙalaminsa ya faɗi, kafin ya taɓa ƙasa masinja ya cafe. In hularsa ce, mutum uku ke karo da juna. Takalminsa wani ke ɗaura masa, wani dabam ke kwancewa. Maigandi ya ce da ni bai taɓa ganin mutumin da ƙasa ta yi wa nisa haka ba.

Masu sunkuyawa dai ya gan su, har ya gaji da gani. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin shinge, ya zube. Da yawansu kuwa igiyarsu tana rumfa. Akwai wani babban mutum da Maigandi ya auna da hannunsa, kamu biyu da taki daga yatsa zuwa goshi. A gaban Zalɓe ya ga ya kai kamu uku cif. Da ya dawo ya sauko da igiyar mutumin, ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce ko dai rama tana tsukewa in ta tsufa, ko kuwa akwai masu ƙara tsawo bayan shekara sittin. Ba zan faɗi suna ba. Jikokinsa suna sayen hatsi a wurina.

Rana ta goma sha biyu ya ji daga bakin mai kula da dokin Bature cewa gobe za a je Kalambaina duban duwatsu. Ya zo ya ari jakina. Na tambaye shi ko ya san abin da yake yi, ya ce ai duwatsu a ƙasa suke.

Gaskiyarsa kuwa. Da suka isa inda ake haƙar farar ƙasa, Zalɓe ya sauka daga doki, ya ɗauki wata 'yar guduma, ya shiga fasa duwatsu yana neman katantanwar da aka ce ta zama dutse tun zamanin da ba wanda ya sani. Da ya sami ɗaya, ya kori kowa daga kusa, ya durƙusa da gwiwoyinsa biyu, ya dafa ƙasa, ya kara wani gilashi a ido, ya yi ƙasa da kai har hancinsa ya kusa taɓa dutsen. Yamma yake kallo, amma Maigandi ya ce a irin wannan hali ba a tsawaita bincike. Ya sulalo daga bayan jaki, ya tsuguna, ya kara igiya a kan takalmi ya ƙulla. Ya ja zuwa gwiwa ya ƙulla. Yana miƙa hannu wajen goshi ke nan sai ya ji an ɗaga shi sama ta wuyan riga.

Ɗan sandan da ke rakiya ne. Shi a garinsu, wanda aka kama a bayan mutum yana ƙulla igiya yana motsa baki, an san sunan aikinsa. Ya ce sammu ne, ya ce ƙulli biyu sun riga sun shiga, da na ukun ya shiga da Bature bai ƙara tashi ba. Hayatu ya taho a guje, gumi na zuba, ya yi wa Bature bayani da hannu da ƙafa. Zalɓe ya karɓi igiyar ya duba, ya sa aka maimaita masa, sannan ya yi dariya har ya zauna a kan dutse. Ya fito da ɗan littafi ya rubuta. Ya ce a saki tsoho, a mayar masa da igiyarsa.

Maigandi ya gyara wuyan rigarsa ya ce da Hayatu, "Ce mai shi koma yadda yake. Sau guda. Ƙulli guda ya rage."

"Baba, hau jakinka."

"Ko numfashi ukku ba ya yi na gama."

"Baba, don girman Allah hau jakinka. Dariyar ga da ka gani ba kullum aka samunta ba."

Haka ya dawo gari da la'asar sakaliya, da ƙulli biyu. Yana shiga rumfa ya ga masaƙar Junaidu fayau, sai guntayen zare na reto. Ashe tun ranar da ya fara zaman tsamiya Junaidu ya ɗaura zare a kan awon sanda. Bai ninka abawa a ko'ina ba, tun da ba gwiwa. Bai jira rinin karan dafi ba, ya sayo wani garin rini na kanti da ake ce wa garura, wanda ake kaɗawa a ruwa a tsoma a fitar, ja kamar an yanka rago. Da safen nan, jakina na fita Ƙofa, ya yanke ya aika bariki.

Maigandi ya taɓa guntayen zaren da yatsa. "Wa ya yanke?"

"Ni, Kawu. Kwanan da anka ba mu sun kusa cika."

"Da wace wuƙa?"

Junaidu ya ce ta matarsa Hasana ce, wadda take yankan kuɓewa.

Kwana biyu bayan haka Hayatu ya dawo yana fara'a. Bature ya yaba, an shimfiɗa ta a ƙarƙashin tebur, karensa ma ya ƙi kwana ko'ina sai a kanta. Sauran Turawan bariki kowa na son tasa, duk a kan sanda.

Masaƙa shida suka zauna da ubansu na rumfa. Ba su yi masa rashin kunya ba, wannan kam zan shaide su. Suka ce wuƙa tasa ce, ba mai karɓa, za su ci gaba da kawo masa kowace darduma ya yanke. Abu ɗaya suke roƙo: maimakon igiya, ya riƙa ɗora sanda. Na ga yadda ya dubi sandar da ke jingine, ya dubi igiyoyin da ke sama da kansa. Shekara talatin da wani abu wuƙar nan tana ɗamararsa.

"Wuƙar ga ta igiya ce," in ji shi. "Sanda ta nemi tata."

Ba wanda ya ƙwace masa ita, ba kuma wanda ya ƙara kawo masa darduma. Daga ranar ba ta sake yanka kome ba sai goro. Junaidu ya sa maƙeri ya ƙera masa wata, ta fi waccan tsawo.

Rumfa ta bunƙasa, ba zan ɓoye ba. Da, sai mai darduma ya zo a fara. Yanzu ana saƙawa a tara, mai so ya zo ya zaɓa kamar tulu. Mutanen gari suka ji labarin ta ƙarƙashin tebur, kowa ya ce irin ta bariki yake so. Attajirin goron nan shi ya fara saye, ya sami takinsa biyu har da ƙari. In ya yi sujada, abin da ya rage a gabansa ya ishi akuya kwanciya. Masallacin unguwarmu da ke ɗaukar sahu shida ya koma ɗaukar huɗu, saura suna waje cikin rana, ana ta godiya ga Allah jama'a ta ƙaru. Da bazara ta shigo aka gane garura ba ta shiri da gumi. Dattawa suka riƙa fitowa daga sallar azahar da jan goshi. Aka ce alamar yawan ibada ce. Na san wanda nasa goshin ya ƙi kamawa, ya riƙa yayyafa wa dardumar ruwa kafin ya tayar da kabbara.

Maigandi kuwa ya bar su da sandarsu. Ya koma ƙarshen rumfa, wajen da rana ke shigowa da yamma, ya ɗaura zare a kan igiyar Zalɓe. Inno ta kaɗa masa abawa mafi kyau da ta taɓa kaɗawa, tana yi tana faɗa, tana cewa tun da aka kawo ta gidan nan shi kansa a kan buzu yake salla don ba mai auna shi, ga shi zai ƙare ƙarfinsa a kan wanda bai san gabas ba. Ya fara daga ƙullin takalmi. Ya kai ƙullin gwiwa ya ninka abawa uku, wuri mai faɗi, don ya ce gwiwoyin mutumin ƙashi ne zalla. Ya wuce gwiwa da kamu ɗaya. Nan ya tsaya.

Na ce masa ai idonsa ya ga inda kan ya sauka, ya ƙiyasta mana. Ya ce ido yana ba da shawara ne, igiya ke yanke hukunci, kuma shi bai taɓa yi wa goshin mutum ƙiyasi ba. Ya ce tun da an ga mutumin ya durƙusa sau ɗaya, zai sake. Duwatsun Kalambaina ba su ƙare ba.

Bai sake ba, a garin nan dai. Da aka fara yaƙin Jamus aka kira Zalɓe, ya tafi da akwatunan duwatsunsa, ya bar karen da dardumar Junaidu ga kukunsa. Kowace Talata in Hayatu ya zo ɗaukar kayan bariki, Maigandi sai ya tambaye shi labari. Wani lokaci a ce yana kudu, wani lokaci a ce ya koma ƙasarsu, sau ɗaya aka ce jirginsu ya nutse, mako na gaba aka ce ba nasu ba ne. Wannan ya fi kome damunsa. In mutumin ya mutu, sai ya kwance ƙullin ya huta. In yana da rai, sai ya jira. Ba wanda ya iya gaya masa ɗaya.

Aka kawo wani Bature a madadinsa, gajere mai tumbi. Junaidu ya ce cikin wasa, "Kawu, ga dama ta samu. Rufe ta hakanan a kai ma wanga, har ta yi mai yawa." Maigandi ya ce gwiwar da ke jiki ba tasa ba ce.

Tsofaffin abokan cinikinsa suka yi ta raguwa, igiyoyi suka yi ta saukowa. Wanda dardumarsa ta tsufa ya zo neman sabuwa, sai ya tarar masaƙar a cike, a ce masa ya dakata a gama ta Bature. Wasu suka dakata. Yawanci suka matsa gaba kaɗan zuwa wurin Junaidu. Da ƙafa ta fara gagarar Maigandi, aka ciccibi masaƙar da abin da ke kanta aka kai masa zauren gidansa.

Ya rasu da kaka, shekara bakwai bayan tafiyarmu da jaki, in ce tafiyarsa, ni jakin kawai na bayar. Da aka share makoki, Junaidu ya je gaida Inno. A lokacin shi ma gwiwa ta fara yi masa magana, har an ce a cikin ɗaki ba a kan ta sanda yake salla ba, a kan wata tsohuwa ce mai jan tabo a wajen goshi. Ya tsaya gaban masaƙar ya shafa wurin gwiwar da tafin hannu, ya daɗe. Sannan ya ce in ta yarda zai ƙarasa ta, aikin yini biyu ne, ko ba kome a sami abin shimfiɗa wa baƙi.

Inno ta ce, "Da wane awo?"

Ya dubi igiyar mai ƙulli biyu. Ta ce to a bar ta, mai ita bai taho ba.

Bara na shiga zauren, jikarsu Juwairiyya ce ke zaune a gidan yanzu. Masaƙar na nan jingine da bango. Daga ƙasa zuwa sama da gwiwa saƙa ce da ba a ƙara yin irinta a garin nan ba. Daga nan sai zare tsirara. An soke ƙwallon jar abawa a tsakanin zaren, na wurin goshi, asu ya ci rabinsa. Igiyar tana rataye a gefe da ƙullinta biyu, sauran tsawonta na lilo.